Me Ya Sa Bonar Lantarki Take Ƙona Turaren Wuta? Ka Duba Inda Aka Dasa Hitarta

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja, mu leƙa cikin wata 'yar na'ura da ta fara shiga kayan ɗakin amare har a ƙauyukanmu, wato kaskon turaren wuta na lantarki, wanda mata suka fi kira bona.

Abin da ya jawo rubutun nan a gidanmu ya faru. Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Dambatta da Makoɗa, kuma bayan an gama ɗauke gero da dawa bara aka yi bikin ƙanwata. Tana da asma tun tana ƙarama, hayaƙin gawayi yana tayar mata da ita. Don haka da na shiga Kano na saya mata bona mai caji a matsayin tawa gudummawar, ina ganin na yi dabara. Goggonmu kuma ta ba ta kwalbar turaren wuta ɗan Maiduguri, irin wanda ake ɗiba da ɗan yatsa biyu saboda tsada.

Ko sati biyu ba a yi ba ta kira ni. Ta ce, "Yaya, abin nan naka ƙauri yake yi. Minti ɗaya ka ji ƙamshi, bayan nan sai ka ce an bar tuwo a wuta. Kuma tarin yana nan." Rabin kwalbar Goggo ya tafi a banza. Na karɓo bonar na kwance ta da sukudireba a kan tabarma, Inna tana gefe tana tsince wake. Da na gaya mata abin da na gani a ciki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai ko garwashi sai an yayyafa masa toka kafin a zuba turare. Wa ya ce maka ana zubawa a kan jan wuta?"

Maganar Inna ita ce dukan bayanin, sai dai ni na ɗauki makonni ina karatu da gwaji kafin na gane dalilinta. Yawan wat da aka rubuta a kwali, ko lambar da allo ke nunawa, ba su ne ke yanke hukunci ba. Abin da ke raba ƙamshi da ƙauri shi ne inda aka ajiye hitar, da abin da ke tsakaninta da turaren.

Mene ne ke faruwa da turare idan ya ji zafi?

Turaren wutanmu haɗi ne. Akwai itace ko saiwa, kamar sandal da kajiji, akwai ƙaro irin na hano, akwai turarukan mai da ake jiƙa itacen da su, sannan masu haɗawa da yawa suna soya shi da sukari don man ya kama jikin itacen. Kowanne daga cikin waɗannan yana da zafin da yake iya ɗauka.

Man ƙamshin shi ne abin da muke nema, kuma ba ya buƙatar wuta kafin ya tashi. Ko a rana ka shanya turare za ka ji ƙamshinsa. Zafi yana ƙara masa sauri ne kawai. Daga digiri 100 zuwa wajen 180 a ma'aunin Salshiyas, man yana fita sosai ba tare da itacen ya lalace ba. Sukari yana fara yin ja wajen digiri 160, idan zafin ya yi gaba sosai sai ya yi baƙi ya yi ɗaci. Shi kuwa itace, tsakanin digiri 200 da 300 yake fara rugujewa, ya yi baƙi, ya fitar da hayaƙi da kwalta. Garwashin da ya yi ja kuma ya haura digiri 600.

Ka ga ke nan akwai wata 'yar tazara da ake so turare ya zauna a cikinta: ya yi zafin da mai zai tashi, amma kada ya kai inda sukari da itace za su ƙone. A cikin wannan tazarar abin da ke fita tururin ƙamshi ne, da ƙyar ido ke ganinsa. Da an wuce ta sai hayaƙi, kuma hayaƙi ƙananan ɓurɓushi ne da ke shiga har cikin huhu. Shi ya sa ƙanwata ta ci gaba da tari duk da babu gawayi a ɗakin. Na raba ta da garwashi, amma ban raba ta da ƙuna ba.

Hitar kanta

Hita ita ce ɗan abin da ke mayar da lantarki zafi. A bononin da ke kasuwa iri biyu za ka fi samu. Na farko siririyar waya ce da aka nannaɗe, ana kiran ƙarfenta nikrom, haɗin nikel kashi 80 da kromiyom kashi 20. Wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1906, kuma shi ne a cikin dutsen guga da hitar dafa ruwa da risho na lantarki. Nikrom ba shi da birki. Muddin kana ba shi wuta zai ci gaba da zafi har ya yi ja, domin sai wajen digiri 1,400 yake narkewa.

Na biyu wani ɗan faifan tangaran ne da ake kira PTC. Shi idan ya kai zafin da aka gina shi a kai, da kansa yake rage jan wuta. Irinsa ne a cikin na'urar maganin sauro ta jonawa a soket, wadda ake sa wa ɗan faifai shuɗi. Ka lura ba ta taɓa ƙona faifan, sai dai ya koɗe zuwa safiya.

Amma ko da hita iri ɗaya ce a na'urori biyu, aikinsu zai bambanta idan wurin zamanta ya bambanta.

Hanyoyin da zafi ke bi, daga madafin Inna

Zafi yana tafiya ta hanya uku, kuma duka ukun muna ganinsu kullum.

Akwai zafin taɓawa, irin na waina a tanda. Ƙullu yana taɓa tanda, ƙasan ya soyu, saman yana ɗanye, sai an juya. Akwai zafin da iska ko tururi ke ɗauka, irin na dambu a madambaci. Garin ba ya taɓa wuta ko ƙasan tukunya, tururi ne ke bi ta hujojin ya ratsa shi ko'ina, shi ya sa dambu ba ya kamu. Sai zafin huci, irin na tsire a tukuba. Mai tsire yana kafa tsinkayen kewaye da wuta, naman ba ya taɓa komai, hucin ne ke gasa ɓangaren da ke kallon wutar.

Abu ɗaya da za ka riƙe: itace ba ya wuce da zafi da kyau. Alminiyom ya fi shi saurin wuce da zafi fiye da sau dubu. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya ta fi itacen ma rowa. Don haka idan ka tara turare a kan faranti mai zafi, ƙwayoyin da ke ƙasa ne ke shan duk zafin, kuma su ne ke tare wa na sama. Na ƙasa ya ƙone, na sama ko ɗumi bai yi ba.

Hita a fili, turare a kanta

Wannan shi ne tsari mafi araha. Idan ka leƙa cikin kaskon za ka ga nannaɗaɗɗiyar wayar da idonka, ko an rufe ta da 'yar raga. Cikin daƙiƙa kaɗan take yin ja. Duk abin da ya fara yin ja a duhu ya kai wajen digiri 525, wannan tun 1847 wani masani John William Draper ya auna shi. To ka kwatanta da digiri 180 da muke nema. Wannan ba ɗumama turare take yi ba, garwashi ne na lantarki. Tana da amfaninta, zan zo kansa, amma ba ita ce ta ɗakin mai asma ko jariri ba.

Hita a ƙarƙashin faranti

Ita ce mafi yawa a kasuwa, kuma irinta na saya. A nan komai ya dogara da farantin. Tawa farantin siririn ƙarfe ne marar tsatsa, irin na cokali, bai fi kaurin murfin gwangwanin madara ba, kuma wayar tana manne da tsakiyarsa. Irin wannan ƙarfen ba ya baza zafi. Alminiyom ya fi shi bazawa fiye da sau goma. Sakamakon haka tsakiyar farantin tana toya turare, gefe kuma yana nan da ɗan ɗumi. Da na duba turaren da ƙanwata ta zubar, tsakiyarsa gawayi ne, na gefe kuwa har yanzu yana sheƙin mai. Asara biyu ke nan: wanda ya ƙone, da wanda aka zubar ba a sha ƙamshinsa ba.

Idan farantin mai kauri ne na alminiyom ko na tangaran, kuma hitar ta shimfiɗu a ƙarƙashinsa gaba ɗaya, labarin ya canza. Zai ɗauki lokaci kafin ya yi zafi, amma idan ya yi, ko'ina daidai yake. Duk matar da ta taɓa tuƙa tuwo a tukunya mai siririn gindi ta san wannan.

Hita a jikin bango, kewaye da turare

A wasu na'urorin ramin turaren kamar ɗan kofi yake, an naɗe bangonsa da hita. Zafi yana shigowa ta kowane gefe, don haka wurin taɓawa ya fi yawa, kuma hitar ba ta buƙatar yin zafi sosai kafin ta yi aiki. Tana da tsimin batir. Rauninta a tsakiya yake. Idan kofin yana da faɗi, turaren da ke jikin bango zai ƙare, na tsakiya bai fara ba. Irin wannan tana son ƙunƙuntaccen rami, da turaren da aka farfasa ƙanana, kuma a riƙa motsa shi da tsinke.

Hita a nesa, iska ke kai saƙo

Wannan ita ce madambacin. Hitar tana can ƙasa, turaren yana sama a kan raga, fanka tana tura iska ta bi ta jikin hitar ta ɗauki zafi, sannan ta ratsa tsakanin ƙwayoyin turaren. Babu ƙwayar da ke taɓa ƙarfe mai zafi. Ita ta fi fitar da ƙamshi mai tsabta, ita ta fi dacewa da busasshen ganye marar nauyi kamar na'a-na'a da ɗoɗɗoya ko ɓawon lemo, waɗanda faranti ke babbakewa nan take.

Sai dai tana da ci. Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta iska nauyinta kusan giram 1.2 ne, kuma ɗaga zafin giram ɗaya da digiri ɗaya yana cin kusan jul 1. Idan fanka tana tura lita 10 a minti, kana so ka ɗaga ta daga digiri 30 zuwa 200, kana buƙatar kusan jul 2,000 kowane minti, wato wajen wat 34, kuma ba tsayawa, domin iskar da ka ɗumama fita take yi. Shi kuwa farantin alminiyom mai giram 10, jul 1,500 da 'yan kai ya ishe shi kaiwa wannan zafin sau ɗaya. Hita mai wat 15 za ta yi masa hakan cikin ƙasa da minti biyu, daga nan sai ɗan abin riƙewa. Batir mai 2,000mAh kuwa abin da ke cikinsa bai wuce wat 7.4 na awa ɗaya ba. A kan wat 34, minti 13 ya ƙare. Ga wanda sai ya kai na'urarsa shagon caji mai sola ya biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne kuma ake yi wa mutane wayo. Bona da yawa masu caji suna da fanka, mai shago ya ce maka da iska take aiki. Ka duba tsarin. Idan turaren yana zaune a kan hita, fankar kuma aikinta busa hayaƙin waje, to wannan tanda ce da aka sa wa mafici. Ƙarin iskar ma hura wutar yake yi, turaren ya fi saurin cinyewa. Tambayar da za ka yi ita ce: iskar tana bi ta hita kafin ta iso turare, ko kuwa turaren ne ke kan hita?

Hita a sama

Akwai masu amfani da ƙwan fitila mai zafi da ke haska turaren daga sama, tsarin tukuba ke nan. Saman turaren ne ke fara ɗumi, kuma daga nan ƙamshin ke tashi kai tsaye, babu abin da ya danne shi. Ba ta cika ƙonawa ba, kuma sukari ba ya kamawa a faranti. Amma tana da jinkiri, ƙamshinta a hankali yake cika ɗaki, sannan mafi yawansu sai da wutar gida.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafin ba

A Japan akwai wata tsohuwar al'adar turare da ake kira kodo, wadda ta kafu tun wajen ƙarni na 15, zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a Kano. Suna binne garwashi a cikin toka, su huda 'yar ƙofa daga sama, su ɗora wani siririn dutse mai kama da gilashi da ake kira mika, sannan su ajiye ɗan guntun itacen ƙamshi da bai fi ƙwayar shinkafa ba a kansa. Ba a ganin hayaƙi. Toka da tazara da faifai: dabarar Inna ce aka yi mata ado.

Manyan kamfanonin taba ma a kan wannan suka yi takara. Philip Morris ya fito da IQOS a 2014 a biranen Nagoya da Milan, da siririyar hita kamar wuƙa da ke shiga tsakiyar karan taba ta ɗumama shi daga ciki. British American Tobacco ya fito da glo a 2016, shi kuma daga waje yake ɗumamawa, kewaye da karan. A 2021 IQOS ya fito da samfurin da ya cire wuƙar gaba ɗaya. Na kawo wannan ne don ka ga wurin zaman hita abu ne da injiniyoyi ke kashe shekaru a kansa. Ba talla nake yi ba. Taba ko an ɗumama ta ko an ƙona ta nikotin ɗinta yana nan yana kama mutum. Haka na'urorin ɗumama ganye da za ka gani a intanet idan ka shiga binciken wannan batu, da yawansu don wiwi aka yi su, wanda haramtacce ne a dokar Najeriya, kuma NDLEA na kama mai shi. Mu ilimin zafin muka ɗauka, don turarenmu.

Lambar da ke kan allo

Wasu bononin masu tsada suna da allo, ka zaɓi 150 ko 180 ko 220. A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan ɓangaren ya fi ba ni sha'awa. A ciki akwai ɗan sensa mai auna zafi, da 'yar ƙwaƙwalwa mai bin umarni mai sauƙi: idan zafi bai kai lambar ba kunna hita, idan ya kai kashe ta. Manhajar ba ta ganin turare, ba ta jin ƙauri. Abin da sensa ya gaya mata kawai ta sani.

To ina sensan yake? Idan yana manne da hitar, zai ce an kai 180 alhali farantin bai kai ba, turaren ma balle. Za ka ga kamar na'urar ba ta da ƙarfi. Idan kuma an ajiye shi nesa, a gefen faranti ko jikin roba, labari yana isa gare shi a makare. Kafin ya ce a kashe, tsakiyar farantin ta wuce lambar da nisa, turaren ya riga ya ƙone. Shi ya sa 180 a wata bonar ba ɗaya yake da 180 a wata ba. Ka ɗauki lambar kamar sandunan sabis a wayarka: tana nuna ƙari ko ragi, amma ba ita ce hujja ba. Hancinka da launin turaren bayan an gama su ne hujja. Idan ya fito ruwan ƙasa a bushe, an yi daidai. Idan ya fito baƙi yana murmushewa, zafi ya yi yawa.

Wutar ƙauye da batir

Mai amfani da bonar jonawa ya san wutarmu ba ta zama a 230. Ƙarfin hitar nikrom yana bin ƙarfin wuta ninki biyu: idan wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, zafin da take bayarwa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. Idan janareta ya yi sama kuma, haka zafin zai haura. Faranti siriri yana bin wannan hawa da sauka nan take, mai kauri yana shanye shi. PTC ya fi jure wannan.

Ga masu caji kuwa, ka duba inda batir yake. Batirin litiyom ba a so ya wuce digiri 60 yana aiki, ko 45 yana caji. A tawa, batirin yana ƙasa da hitar kaɗan, ɗan siririn roba ne ya raba su. Idan ka riƙe bona tana aiki ka ji wajen batirin yana ƙona hannu, ka kashe. Kada ka jona ta caji da zafinta, kada ka bar ta a kan katifa. Gidajenmu a manne suke da juna, ga zana ga karan dawa a jingine bayan kaka. Gobarar ɗaki ɗaya a lokacin hunturu ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Gwajin da za ka yi da kanka

Ba ka buƙatar kayan aiki. Sami sukari kaɗan ka barbaɗa shi siriri a duk faɗin farantin, ka kunna, ka zuba ido. Inda ya fara narkewa nan hitar take. Idan tsakiya ta yi baƙi gefe yana fari, farantin ba ya baza zafi. Idan duka ya narke tare ya yi ja a hankali, ka dace. Bayan ya huce ka goge da ɗanyen tsumma. Wannan gwajin na faranti ne kawai, kada ka zuba sukari a kan wayar da ke fili.

Na biyu, ɗora 'yar farar takarda. Takarda tana kama wuta wajen digiri 230. Idan ta yi baƙi cikin minti ɗaya, turarenka ma haka zai yi. Ka tsaya a wurin, kada ka tafi ka bar ta.

Na uku, kunna ta a ɗaki mai duhu babu turare. Idan ka hango ja, ka san amsar.

Idan ka riga ka saya

Ba sai ka jefar ba. Abin da na yi wa ta ƙanwata shi ne na ba turaren tazara. Na ninka takardar foyil sau huɗu na yi ɗan faifai, na zuba gishiri mai laushi kamar kaurin tsabar kuɗi a kansa, turaren ya zauna a kan gishirin. Tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi mai laushi ma suna yi. Yanzu ƙamshin yana ɗaukar 'yan mintuna kafin ya tashi, amma yana daɗewa, kuma ɗan abin da take zubawa bai kai rabin na da ba. Gargaɗi: foyil yana ɗaukar lantarki. Kada ka kusantar da shi ga wayar hita da ke fili, musamman a bonar jonawa.

Sauran dabarun ƙanana ne. A farfasa turaren, a baza shi shimfiɗa ɗaya, kada a tara shi tsibi. Idan na'urar ba ta da wurin rage zafi, a kunna minti ɗaya a kashe, zafin da ke jikin farantin zai ci gaba da aiki. A riƙa kankare ƙonannen sukarin da ya kama, domin shi ne ke sa sabon turare warin tsohon ƙauri.

To wacce za ka saya?

Ya danganta da aikin. Idan turara kaya za a yi a ƙarƙashin kabbasa, ko a turara ɗaki a fita kafin baƙi su zo, hayaƙin ake so domin shi ke kama tufafi, kuma mai zafi kai tsaye ko ma kaskon gawayi zai yi, muddin taga a buɗe take. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum yana barci, kuma lokacin sanyi ne aka fi rufe ko'ina. Idan kuwa ɗakin kwana ne, ko akwai jariri, tsoho ko mai asma, nemi mai faranti mai kauri da wurin rage zafi. Ga wanda ke da tsayayyar sola a gida, mai aiki da iska ko mai fitila ta fi tsabta. Ko da wacce, ƙamshi mai ƙarfi kansa yana iya tayar wa wasu da asma, don haka a fara da kaɗan.

Idan ka je Sabon Gari ko duk inda za ka saya, ka ce a buɗe maka kwali. Ka leƙa ramin, ka ƙwanƙwasa farantin da farce ka ji kaurinsa, ka duba ta ina iska ke shiga, ka tambayi ina batir yake. Da na yi wannan tun farko, da kwalbar Goggo tana nan da sauranta.

Wanda ya yi gwajin sukarin ya gaya mana abin da ya gani da irin bonar da yake da ita, don masu shirin saye su amfana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.